Wai Ɗan Tsuntsu Ma Yana Ƙarewa?

Na san abin da za ka ce, Malam Sarkin Gardama: giwa dai a yarda, amma ɗan tsuntsun da bai wuce loma guda ba? To, gyara zama.

A Asiya akwai wani mai waƙa, mai rawayan ƙirji, masana na kiransa Emberiza aureola. A da yana hayayyafa tun daga Finland har Japan, in sanyi ya kama sai ya gangaro gonakin shinkafa na kudancin Sin, dandazo guda kamar jan baki a gonar gero. Da dare a bi shi makwancinsa da raga, gari na wayewa yana gidajen abinci na Guangdong. Har zuwa 2004 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na lissafa shi cikin waɗanda babu fargaba a kansu. A 2008 ta ce yana cikin haɗari, a 2013 ta ce abin ya tsananta, a 2017 ta ce yana dab da ƙarewa. Kusan kashi 90 cikin 100 sun salwanta tsakanin 1980 da 2013. Za ka ce ai sai a kafa doka. Sin ta kafa tun 1997, Malam, raga ce ba ta iya karatu ba.

Ɗan'uwansa na Turai, otolan, shi cin masu hannu da shuni ne. A kulle shi a duhu, a ɗura masa gero har ya yi kitse, a nutsar da shi a barasa, a gasa. Mai ci kuma ya lulluɓe kansa da ƙyalle ya tauna har ƙashi, wai don kada ƙamshi ya tsere. Ni dai na fi zargin kunya. An ce tsohon shugaban Faransa, Mitterrand, ya ci nasa a ƙarshen 1995, saura kwanaki ya mutu. Faransa ta hana kamun a 1999, amma masu tarko na yankin Landes sun daɗe suna kunnen ƙashi.

Na ga kana murmushi, don ka ji IUCN ba ta sa otolan cikin masu haɗari a duniya ba. Haka ne, akwai sauransa da dama a gabas, kuma duk shekara yana tsallako Sahara ya yi hunturu a tsaunukan Habasha da Afirka ta Yamma. Sai dai a Turai ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 tun 1980. Rukunin da aka ajiye shi kuwa, wanda ya sa ka murmushi, a cikinsa mai rawayan ƙirji yake zaune daram a 2003.