Malaman Duba a Ɗakin Sabar

Da zarar sabar ofis ta fara jan ƙafa, sai malaman duba su fito, kowa da nasa allon.

Malam Kashe-Kunna ne kan riga kowa isowa. Bai san ciwon ba, amma ya san magani. Kafin a buɗe top a ga wace manhaja ke cin ƙarfin na'ura, ya kashe ya kunna, duk shaida ta bi ruwa. Jibi matsalar ta dawo, shi ma ya dawo.

Sai Mai Salati, wanda zai leƙa RAM ya ga saura kaɗan, ya ɗora hannu a ka. Alhali da gangan Linux ke cika wurin da ke zaune banza da fayilolin da aka karanta kwanan nan, ta kuma sake shi da zarar an nema.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai bautar load average, lambobin nan uku na minti 1 da 5 da 15. Ya ga 8, ya rantse CPU ta ƙone. Bai tambayi kawuna nawa gare ta ba. In 16 ne, rabi ma barci suke. Kuma a Linux lissafin yana haɗawa da ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai. Wato CPU na zaune tana hamma, faifai ne ya galabaita, shi kuwa gogan yana can yana rubuta wa Oga takardar sayo sabuwar na'ura. Oga ma dama abin da yake so ya ji ke nan.

Malam "Netwok Ne" sau ɗaya ya taɓa yin gaskiya: ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Tun daga ranar ba mu huta ba.

A can lungu akwai wata mai shiru-shiru. Ba ta yarda da matsakaicin lokacin amsa, sai ta ga yadda mutum ɗaya cikin 100 da ya fi kowa daɗewa yake fama. Tambayarta ɗaya: "Yallaɓai, me aka canza jiya da yamma?" Nan take mai manhaja zai tuna ana nemansa a waje.

Ita ke gano cutar, amma Kashe-Kunna ake yi wa ƙarin girma.