Kalandar Gwaggo

A watan Disambar 2022, hunturu na kaɗawa, na sauka a ƙauyenmu da ke ƙasar Bichi da takardar difloma ta harkar kasuwanci a jaka. Aiki babu shi, babu dalilinsa. Wanda ya rasa abin yi kuwa ba ya rasa wanda zai gyara wa rayuwa, ni sai na zaɓi Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ta fi shekara talatin tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Ba shago, ba allo a ƙofa. Wata gyaɗar daga gonar gida take fitowa, domin a yankinmu ba a barin ƙasa ta huta, gona jingine take da gona, taki ne ke riƙe da su. Sauran kuma ana saro mata a Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi a wannan ƙasa. An yi dalar gyaɗa, cutar da ta auka wa gonaki a 1975 ta karya kasuwar, dala ta zama labari, amma matan cikin gida irin su Gwaggo ba su ajiye turmi ba.

Wannan matar na zauna na rubuta wa shafi goma sha biyu, na sa masa suna Tsarin Tallace-tallace na 2023. Na karanta mata a tsakar gida tana mulmula tunkuza. A ciki na soke ba da bashi, na soke gyara, na ce za mu faɗaɗa kasuwa har Maraɗi, sannan na zo kan babban makami: kalanda mai hoton kwalbar mai da lambar wayata.

"Kai ɗan nan," in ji ta, ba ta ko ɗago ba, "takardar ce za ta sayi man?"

"Ita za ta kawo masu saye, Gwaggo."

"To Allah ya kawo su da kuɗinsu."

Ta kwance bakin zane ta ba ni ɗaukar adashinta guda. Har yau ban sani ba ko yarda ce ta sa, ko so take in bar mata tsakar gida.

Na kai aikin wata maɗaba'a a birni, aka ce in dawo bayan mako ɗaya. Na manta da cewa zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni kuma a Maris, duk injin da ke motsi a Kano fastar ɗan takara yake tofarwa. Na yi sawu biyar. Kalandar sabuwar shekara ba ta iso ƙauye ba sai tsakiyar Fabrairu, Janairu ya riga ya wuce ba tare da ita ba.

Gwaggo ta riƙe ta a nesa, ta ƙura mata ido, ta ce, "Ina azumi a nan?"

Babu. Ban sa a buga watannin Musulunci ba. Nan ta karanto mini tata kalandar, wadda ba ta taɓa ganin inji ba. A Sha'aban take tara mai, domin azumi watan ƙosai ne. Ƙaramar Sallah ta miya ce da cincin, Babbar Sallah ta suyar nama. Da damina ta faɗi gyaɗa kan yi tsada, an zuba ta a rami a matsayin iri, don haka tun da kaka take ɓoye buhunanta. Bayan girbi kuma aure ke ɓarkewa, kowace uwar amarya na neman jarkar gara. Masu tsire su ba su da lokaci, kullum suna son ƙuli na yaji. Ta gama ta koma kan kaskonta, ni kuma na tsaya da shafi goma sha biyu waɗanda ba su san ko ɗaya daga ciki ba.

Duk da haka ban karaya ba. Na dama ƙullu na manna kalanda ɗaya a bangon ɗakinta, daidai wani wuri da na ga ya yi baƙi-baƙi da zanen gawayi, ina ganin na rufe ƙazanta. Salatin da ta saka sai da maƙwabta suka leƙo. Ashe littafin bashinta ne. Dogon layi kwalba, gajere rabi, da'ira kuma ƙulin hamsin, kowane gida da kusurwarsa. Na yi sauri na ɓamɓare takardar, ta taso da yaɓen bangon, bashin unguwa guda ya zube ƙasa ya zama gari. Na fara lissafin asara. Ita kuwa ta ɗauko gawayi ta mayar da kowane layi wurinsa da ka, har da na wata da ta yi ƙaura zuwa Ɓagwai.

Sai ga abin da ba ya cikin tsarin kowa. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga Fabrairu, sababbin kuma sai dai a ji labarinsu. Tsoho ba a karɓa, sabo ba a gani. Dokata ta hana bashi ta fara aiki ne a makon da babu mai ko sisi a hannu. Kwana uku 'yar talla na dawowa da faranti yadda ta fita da shi.

Na ce wannan dama ce ta zamani. Na ɗora jarka biyu a babur zuwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi, wani mai babbar riga ya saye duka, ya ce zai tura ta waya. Ya nuna mini fuskar wayarsa, ga koren rubutu, ya yi gaba. Na tsaya a rana ina ɗaga tawa sama kamar mai neman wata. Kuɗin sun shigo bayan kwana huɗu, mai POS ya yanki nasa kason mai tsoka, ya haɗa ni da tsofaffin takardun da mai gyaɗa ya ƙi karɓa. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da amfani da su.

A wannan tsakanin Gwaggo ta soke dokokina ba tare da ta kira taro ba. Ta koma ba da bashi, ta koma musaya: kwalbar mai da gero, ƙuli da daddawa. Da azumi ya kama ranar 23 ga Maris, gidajen da ta ɗaga wa ƙafa ba su je wurin kowa ba.

Ana gab da Sallah na lura cewa kalanda ba ta kawo kira ko ɗaya ba. Na kwafi lambar da ke jikinta na buga. Wayata ba ta yi ƙara ba. Wani bawan Allah ne ya ɗauka, kafin in gama sallama ya ce, "In man gyaɗa ne, ba ni da shi." An juya lamba ɗaya. Amma wallahi daɗi na ji, ashe ana kira. Na tambaye shi mutum nawa, ya ce ni ne na uku. Daga baya na gano biyun farko ƙanena ne, yana neman in kawo masa caja.

Sauran shafukan tsarin nawa ba ni na kashe su ba. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, shafin sufuri ya mutu. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, Maraɗi ta bi bayansa.

Kalandun da suka rage na cusa su a ƙarƙashin gado. Wata rana da daddare na sayi tsire a bakin titi, na buɗe ƙunshin, sai ga kwalbar manmu da watan Satumba, mai ya kwanta a kansu. Ashe Gwaggo ta maida su gyara: duk mai tsiren da ya sayi ƙuli sai ta ɗora masa shafi goma na naɗi. Har masu tsire biyu daga ƙauyen gaba sun sauya sheƙa zuwa wurinta saboda haka.

Da Disamba ta zagayo ta aiko a kira ni. Ta kwance bakin zane.

"Ɗan nan, bana ma a bugo. Amma ka gaya musu kada su sa takarda mai santsin nan, masu tsire sun ce ba ta shan mai."