Yadda Za Ka Fita da Mota a Kano Ka Dawo da Ita Lafiya

To, Allah ya sanya alheri. Ka sayi mota, ka yi lasin, maƙwabta sun zo sun shafa ta sun yi addu'a. Saura karatun da ba a yi maka ba a wurin koyon tuƙi. Can a fili aka nuna maka birki da totur da giya, ba kowa sai kai da mai koya maka da duwatsu biyu da ya jera don ka yi ribas a tsakaninsu. Titin Kano kuwa mutane ne a kansa, kowa da uzurinsa, kowa kuma ya sakankance nasa ya fi naka. Don haka ka sa a ranka cewa daga ranar da ka hau kwalta, motoci biyar kake tuƙawa: taka, da ta gabanka, da ta bayanka, da biyun da ke gefenka.

Mu fara da ɗan Adaidaita Sahu, don da shi za ka wuni. Tun watan Janairun 2013, lokacin da aka hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, 'yan acaɓa da yawa suka koma mai ƙafa uku. Sun sauya abin hawa, amma idon bai sauya ba. Har yau in ya hango ratar da babur zai shige, kai kawai zai cusa, sauran jikin kuma ya biyo yadda Allah ya so. Dabarar zama da shi guda ce: kada ka kalle shi, kalli bakin titi. Kana tafe a titin Gidan Zu, yana can hannun ciki, sai ka hango wata baiwar Allah a gefen dama riƙe da leda, ta ɗan ɗaga yatsa. Taka birki a lokacin, kada ka jira komai. Kafin yatsan ya sauka ya yanko ta gabanka kamar kazar da ta hango tsaba, ya tsaya cak rabin jikinsa a titi, sannan a fara ciniki. Za ta ce Sabon Gari, ya faɗi kuɗi, ta ce bai yi mata ba, ya finciko ya dawo titi ba tare da ya waiwaya ba. Ka bar masa ratar mota guda a kowane lokaci. In kuma ranka ya fara ɓaci, ka tuna akwai balas da zai kai wa mai mashin da dare, ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Wannan ba ya wanke gangancinsa, amma yana sanyaya maka zuciya, kuma da zuciya mai sanyi ake taka birki a kan kari.

Sigina kuwa, ka ɗauke ta a matsayin jita-jita har sai ka tabbatar. Wani ya kunna ta hagu tun daga Na'ibawa, har ya wuce Dangi tana ƙiftawa bai sani ba. Wani sai ya gama shan kwana yake kunnawa. Wani kuma in ya zo mahaɗa sai ya kunna duka biyun, wai yana nufin miƙewa zai yi, alhali fitilun nan na wanda motarsa ta samu matsala ne. Kalli tayar gaba, inda ta karkata can mai ita zai je. Kai dai kunna taka da wuri, ka kashe ta in ka gama.

A danja za ka gamu da mai hon. Jar fitila ba ta gama mutuwa ba ya ɗora hannu, har ka ɗauka gobara ce ta tashi a motarsa. Kada ƙarar ta tunzura ka. In kore ta kawo, dubi hagu da dama tukuna, domin kusan kullum akwai wanda ya taho a guje yana son ya tsallake kafin a rufe masa. In ya same ka a tsakiya, mai hon ɗin nan zagaye ka zai yi ya wuce, ba zai bi ka wurin bakanike ba.

Sai babban ciwon, wato aron hannu. Tun 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma har gobe za ka ga mutum ya ɗauko hannun da ba nasa ba don ƙyashin zuwa inda ake juyawa, ya tunkaro ka gaba da gaba, har ya riƙa walƙa maka fitila ka kauce, kai da kake kan gaskiyarka. Rage gudu ka ba shi hanya, gaskiya ba ta gyara gaban mota. Irin wannan hali ne ke haifar da yawancin gosulon da muke kuka da shi. Dubi wajen Kantin Kwari ko Bata da yamma. Layi biyu ne, kowa na matsawa sannu a hankali. Sai wani mai wayo ya fita ya buɗe na uku, mutum goma su bi shi, na huɗu ya ɓulla a hannun masu tahowa, su ma su rama daga can. Cikin ɗan lokaci an kulle, ba gaba ba baya, mai wayon da ya fara yana tsakiya yana gumi yana zagin gwamnati. Tsaya a layinka. Ajiye ruwan sha a mota, kunna rediyo, in magariba ta kusa ka nemi masallaci mafi kusa ka yi fakin. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988, an kafa KAROTA, takwararta ta Jihar Kano, a 2012, jami'ansu na iya tsare mahaɗa, amma ba za su shiga kowace mota su riƙe wa mai ita sitiyari ba.

Akwai kuma masu zumuncin tsakiyar titi. Alhazai biyu sun haɗu a lungu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, sai kowa ya sauke gilashi, taga da taga. "Alhaji, kwana biyu! Ya iyali? Ya jikin Hajiya? Af, ya maganar filin nan?" Ku kuma kun jeru a baya har bakin kwalta. In ka yi magana a ɗago maka hannu ba tare da an kalle ka ba, wato minti ɗaya. Danna hon gajere sau ɗaya, ka ɗaga hannu da fara'a, yawanci kunya na sa su matsa. Zumunci ibada ne, shi ya sa ya cancanci a gangara gefe, a kashe mota, a fito a yi musabaha yadda ya kamata.

Maganar waya ba ta da raha a cikinta. Iyakar gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa, kuma a wannan gudun mota na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya daƙiƙa uku kana duba saƙon WhatsApp, ka yi tafiyar da ta haura mita 40 ido a rufe, a garin da almajiri da ɗan makaranta da mai tura ruwa ke tsallaka titi ta ko'ina. In ka ga mota na layi tana rage gudu ba dalili, mai ita na kan waya ne, ka yi nesa da shi. Taka kuma ka jefa ta aljihu, mai kira zai sake kira.

In tafiya ta kama ka da dare a hanyar Zariya ko Katsina, kada ka yarda da fitila ɗaya. Sau da yawa abin da ka zata babur ne mota ce mai ido guda. In ka ga ganyaye a zube a kan kwalta, rage gudu, babbar mota ce ta lalace a gaba. Tirela da tanka ka ba su girmansu: muddin ba ka hango madubin direban ba, shi ma bai san da kai ba. Wanda ya dalle maka doguwar fitila kada ka rama, makafi biyu ne za ku zama a hanya ɗaya. Mayar da idonka gefen dama na titi har ya wuce.

Duk kiyayewarka, wata rana za a goge ka. A nan ake gane direba. Abin da aka saba shi ne kowa ya fito ya bar motarsa a tsakiyar titi, a ɗaga murya, a kai ga "Ka san ko ni wane ne?" Nan da nan alƙalai sun taru, mai rake da mai faci da wanda bai ga komai ba, kowa na yanke hukunci. Bayan an ɓata awa guda, an tare wa jama'a hanya, sai wani dattijo ya ce a yi haƙuri, a kuma yi. Tun da a nan za a ƙare, fara daga nan. Fito ka ce, "Sannu Malam, ba dai wanda ya ji ciwo ko?" Ɗauki hoton motocin, ku gangara gefe, ku kira mai gyara ya faɗi kuɗin aiki. In dattijo ne ka ce masa Baba ko da shi ne da laifi. Za ka ga mutumin da ya fito da shirin faɗa ya rasa ta inda zai fara.

Ranar Asabar da Lahadi kuwa, in ka ji ihu da hon ka hango ayarin 'yan biki, samari zaune a kan tagogi ana wasa da mota, ka gangara ka ba su wuri har su wuce. Yawancin motocin nan na iyaye ne, daga gida aka ɗauko mukullin. Ɗaura bel ɗinka, ka adana lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura, 122, a wayarka. Sannan ina roƙonka don Allah, in ɗanka bai kai shekara 18 ba, bai kuma yi lasin ba, mukullin motar ya kwana a aljihunka ko da bikin babban amininsa ake yi.