Nawa Ake Haro Bana?

Mu a nan yankin Kura da Garun Malam, da zarar zafin bazara ya kai inda ya kai, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, gaisuwarmu kan sami ƙari. Bayan "ina kwana" da "ya iyali", sai ka ji an ɗora da "nawa ake haro bana?" A yi ta a bakin masallaci bayan Asuba, a yi ta a teburin mai shayi, har a wajen raɗin suna sai an sami wanda ya sako ta. Ka tambayi mutum goma, ka sami amsa goma, kowa kuma ya dafa ƙirji ya ce tasa ce daidai. Ba wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya biya ya faɗa, ga shi kuwa ba aiki ɗaya aka yi musu ba, ba kuma a rana ɗaya ba.

Mai gonar jigawa, inda ƙasa take sakwa-sakwa, haro ɗaya ya ishe shi, a bi da rija a tayar da kunya, shi ke nan. Mai gonar laka kuwa sai an yi masa kaftu tukuna, garma ta nutsa ta juyo ƙasa, sannan a zo a yi haro a farfasa hoge, wani lokaci har sau biyu in shinkafa zai dasa. Kaftu ya fi haro tsada ko'ina ka je, domin tarakta tafiyar hawainiya take yi a cikinsa, gas kuma tana shan sa da gaske. In gonarka sabon sara ce mai kututture, to direba tun daga bakin iyaka zai fara girgiza kai. Kututture ɗaya na iya tsaga faifan haro ko ya fasa taya, kuma kuɗin tayar baya guda ya fi abin da zai samu a gonarka nesa ba kusa ba. Ko ya ƙara maka kuɗi, ko ya ce a nemi wani.

Amma inda muka fi yin cacar baki shi ne wajen awo. Mukan ce "nawa ne eka", alhali da yawanmu ba mu taɓa auna gonarmu ba. Masu gona a cikin aikin ruwa na Kadawa, wanda dam ɗin Tiga ke shayarwa, sun huta da wannan, tunda an auna filayen tun lokacin da aka yanka su. Gonar tudu ta gado kuwa iyakarta itaciyar marke ce da jerin gamba da kuma abin da kakanni suka faɗa. Eka a lissafi murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Mu kuma taki 70 tsawo, taki 70 faɗi muka sani. To takin wa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen wannan awo ya san yadda ake yi. Yaron direba ya shiga gona yana taku gajere-gajere yana ƙirgawa da ƙarfi. Mai gona ya biyo bayansa yana buɗe ƙafa iya ƙarfinsa, har rigarsa na neman yagewa. Su isa ƙarshe, yaro ya ce 95, mai gona ya ce 72.

"Haba ɗana, wannan ai tafiyar amarya kake yi. Gonar nan tun mahaifina yana da rai eka ɗaya da rabi ce."

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi bara ma biyu muka yi ta. Tambayi oga."

A yi dariya, a raba gardama, a tsaya a tsakiya. Amma a ce an yi jinga a kan naira 20,000 duk eka, rabin ekar nan da ake ja-in-ja a kanta naira 10,000 ce, kuɗin cefanen kwanaki. Yanzu samarinmu na da manhajar awon fili a waya. Yaro ya riƙe wayar ya zagaye iyaka, ta nuna masa girman gonar. Wasu dattawan ba sa so, don sau da yawa gonar da ake alfahari da ita eka uku sai ta fito biyu da 'yan kai. Ni kam ina so, domin wanda ya san girman gonarsa ya san buhun taki nawa zai saya, ya san iri nawa zai zuba, kuma ba mai ƙara masa taki wajen biya.

Mun iya zagin masu tarakta in ba sa nan. In Alhaji mai Massey Ferguson ɗin unguwarmu ya zauna a majalisa kuwa, yakan bar mu mu gama, sannan ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. A farkon 2022, in ji shi, litar gas ba ta kai naira 400 ba. Kafin shekarar ta fita ta haura 800. A farkon 2024 ta wuce 1,200. Wannan kowa ya gani da idonsa a gidan mai. Ya ce a ƙaddara tarakta ta sha lita 15 a hekta ɗaya, a kan 1,200, naira 18,000 ke nan sun tafi tun ba a yi maganar direba da yaronsa ba, ba a yi ta baƙin mai da giris ba. Sai kayan gyara. Dala da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma boris da fanbel da faifan haro duk daga waje suke zuwa. "Ku je Ƙofar Ruwa ku tambaya," in ji shi, "in na ƙara ko kwabo ku zo ku faɗa a gaban jama'a."

Abin da ya fi damunsa ma ba wannan ba ne. Motar da ya zuba dukiya ya saya, aikinta na gaske 'yan makonni ne a shekara. Shi ya sa tun ruwa bai iso mu ba yake tura ta kudu, Nasarawa ko Neja ko Taraba, inda damina ke riga sauka, ta yi ta bin ruwa tana haurowa arewa. In aiki ya riƙe ta a can, mu a nan sai jira.

Jiran nan shi ne kuɗin da ba ma sakawa a lissafi, kuma shi ya fi cin mu. Ruwan shuka ya sauka daren Laraba, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fito da safe yana neman tarakta ɗaya. A ranar farashin jiya ya tashi aiki. Ɗan kamasho ya bayyana a kan babur da ɗan littafinsa, ya ce layi ya cika, amma in ka "gyara" zai duba. Mai eka ashirin a haɗe shi za a fara yi wa, ba don an fi son sa ba, sai don tarakta za ta wuni a wuri ɗaya tana aiki. Kai mai rabin eka a bayan rafi, sai ta yi tafiyar da ta fi aikin tsawo kafin ta iso ka, gas na ƙonewa a banza a hanya. Saboda haka ƙaramin manomi ya fi babba biya a kan kowace eka, kuma shi ne na ƙarshe a layi. Ya biya da tsada, ya yi shuka a makare, masararsa ta yi fure daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Wannan yana ci mini rai, domin galibinmu ƙananan ne.

Shi ya sa har gobe ba mu rabu da shanun huɗa ba. Mai shanu maƙwabcinka ne, kun san juna tun kuna yara. Zai fito da sanyin safiya ya yi maka har rana ta take, a yi jinga a kan gona ko a kan safiya, kuma in ka ce "Kawu, a yi mini haƙuri sai kaka," yakan haƙura. Mai tarakta ba zai iya ba, don gidan mai ba ya ba shi bashi, kuɗin gas sai an ba da kafin a tayar da inji. Sai dai shanun ma sun yi tsada, harawa da dusa sun yi tsada, kuma 'yan uwanmu na Zamfara da wasu sassan Katsina da yawa sun rabu da nasu saboda ɓarayin shanu. Wanda aka kore wa bijimai biyu an karya masa noma, an kuma karya na maƙwabta biyar da yake yi wa huɗa.

Da kaka lissafin kan sauya. Mai injin casar masara ko dawa ba ruwansa da eka, buhu yake ƙirgawa. Wasu kuɗi suke karɓa a kan kowane buhu, wasu hatsi, a ce tiya guda a buhu, buhu kuma tiya 40 yake ci. Mun fi son biya da hatsi, tunda a lokacin rumbu a cike yake aljihu kuwa babu komai. Mai inji ma ya fi so, don zai tara ya ajiye, in farashi ya ɗaga a Dawanau ya fitar. Ƙananan injinan da yawansu fetur suke sha, don haka tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, masu injin su ma suka ɗaga kuɗinsu. Sai ka ji ana muhawara a masussuka: tiyar a cike da tozo za a auna ko a shafe? Wa zai ciyar da yaran da ke zuba masara a bakin inji? Totuwa ta wa ce? A wajenmu ta mai gona ce, mata na hura wuta da ita, amma sai an faɗa tun farko.

Motar yankan shinkafa ita ce baƙuwar da ta fi jawo magana. Tana shiga fage ta yanke, ta casa, ta sheƙe, a tara buhu a bakinta. Aikin da samari za su kwana biyu suna yanka da lauje, su tara, su yi ta bugu a jikin duro, ta gama shi kafin azahar. Ita da eka ake biyanta, kuma in ka haɗa kuɗin masu yanka da masu bugu da abincinsu da shinkafar da ke zubewa a ƙasa, sau da yawa ba ta fi su tsada ba. Maza a majalisa yabonta kawai suke yi. Ka shiga cikin gida ka ji wata magana daban. Wata gwaggona da ta shekara tana bin fage tana shiƙa ana biyan ta da shinkafa, in an tashi kuma ta yi kala, ta ce da ni: "Ɗan nan, ku kuna murna an rage muku kashe kuɗi. Kuɗin da aka rage ɗin nan ai mu ake ba." Da shinkafar shiƙa da ta kala take yin tuwon gidanta wata da watanni, da ita take sayen sabulu da anko. Ban ce a kori mota ba, ba kuma mai iya korar ta. Amma in muna lissafin ribar da ta kawo, a riƙa tunawa daga hannun wa wani kason ya fito, kuma mai gonar da ya sami sauƙi ya ware wa irin su gwaggo wani abu bayan zakka.

Maganar taraktocin gwamnati kan taso, ba ma daɗewa a kanta. Dattawa su tuno lokacin da ake haɗa Fiat a Kano da Steyr a Bauci. Samari su kawo labarin tarakta 2,000 da aka kawo daga Belarus, waɗanda shugaban ƙasa ya ƙaddamar a Abuja a watan Yunin 2025. Malamin makarantarmu ya ce a raba 2,000 ga ƙananan hukumomi 774 a gani, kowacce ba ta sami uku cikakku ba. Muna maraba da su, Allah ya ƙaro, amma mutum ba ya jingine shukarsa a kan wannan.

Abin da ke hannunmu shi ne haɗa gonaki. Kamfanin Hello Tractor da aka kafa a 2014 da wannan dabara yake aiki: wakili ya tattara manoman wuri ɗaya, in filinsu ya kai yawan da zai biya tafiya, a turo mota. Mu da muka gaji gayya ba sai an koya mana ba. A ɓangarenmu na gabas da gari an fara. Sarkin Noma ya sa yara suka auna gonar kowa da waya aka rubuta a littafi. An karɓi kuɗin gas tun da kaka, lokacin da kowa ke da abin sayarwa, aka damƙa wa Liman ajiya. Aka je wa Alhaji da magana ɗaya: ga fili a jere, motarka ba za ta taka kwalta ba sai ta gama, ga rabin kuɗi, nawa za ka rage? Ya rage, ya kuma yanke rana, ɗan kamasho bai sami shiga ba.

Rigimar da ta rage ita ce ta wa za a fara. Wasu suka ce a bi girma, wasu suka ce a bi wanda ya riga biya, wani ya ce a jefa ƙuri'a. Direban Alhaji ne ya raba mu. Ya ce da Sarkin Noma: "Ranka ya daɗe, a bar ni in fara da masu laka na gangare. In ruwa biyu ya ƙara sauka a kansu motar nan kafewa za ta yi, sai an nemo wata ta ja ta. Masu jigawa ko bayan kwana uku na zo ƙasarsu za ta karɓe ni." Masu jigawa suka ɗan yi gunaguni, sannan suka ce sun yarda, da sharaɗin in an zo rija a fara ta kansu. Aka rubuta hakan a littafi.