Ku Yi Ta Dariya, Randata Na Nan Tafe

Labari ya iso muku cewa marubucinku ya ajiye biro ya tsoma hannu cikin yumɓu, har wani a cikinku yana tambaya ko lafiya. Lafiya ƙalau, Malam. Randa nake ginawa da hannuna, tun daga haƙo yumɓu a bakin kududdufi har zuwa gashi. Ba wadda wani ya gina zan shafa wa jan ƙasa in ce tawa ce ba.

Masu cewa wasan yara ne, bismillah, ku zo ku kwaɓa mu gani. Yumɓu ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa shi, an tsince tsakuwa, an daka tsingaro an zuba a ciki don kada ya tsage, sannan a tattaka shi har ya yi laushi. Gwaggon da ke koya mini ba ta san injin juyi ba. Ita ce ke zagaya tukunyar a sunkuye, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu zobe kan zobe, tana lailayewa da jiƙaƙƙen ƙyalle, bakinta kuma bai fasa hira ba. Ni kam a zagaye na farko ƙuguna ya fara kai ƙara. A inuwa ake busar da tukunyar. Wanda ya jefa ta wuta da sauran danshi, ruwan da ke ciki zai zama tururi ya tarwatsa ta a gabansa.

Ga kuma ɗan bokon da ya ce, "Ana zamanin firiji, ina ruwan wani da randa?" Ranka ya daɗe, firijinka jiran wuta yake yi. Randa kuwa gumi take fitarwa ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska ta kwashe shi, ruwan ciki ya yi sanyi, ba wanda zai kawo maka takardar kuɗi ƙarshen wata.

Wanda yake ganin sana'ar ta yi masa ƙasa, ya zaro naira ashirin daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya. Wajen 'yar'uwar iyayenta ta koyi irin wannan gini na hannu, kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Kai da ke raina laka, a jikin wane kuɗi hotonka yake?

Ban ce randata za ta kai ta Ladi Kwali ba, bakinta ma ya ɗan karkata gabas. Amma ranar da ta fito daga wuta, duk ina gayyatarku, kowa ya zo da moɗarsa. Wanda ya fi kowa dariya, shi zai ɗebo ruwan cika ta.