Mutanen Gindin Giginya

Wanda ya zana tsakiyar birnin Abuja mutumin Japan ne, sunansa Kenzo Tange, kuma na yi imani bai taɓa tsayawa jiran mota a gadar Mararaba da ƙarfe shida na safe ba. Ya shimfiɗa tituna masu faɗi kamar filin sukuwa, ya ware wa kowane gini mazauninsa. Tun daga 3 ga Fabrairun 1976 da gwamnatin Murtala ta kafa dokar sabon babban birni, zuwa 12 ga Disambar 1991 da Babangida ya kwaso kujerar mulki daga Legas, ana ta zuba kankare. Yau ga benaye huɗu na NNPC a tsaye kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan uwa a gaban mai hoto, ga hedikwatar Babban Banki, ga Sakatariyar Tarayya da Dandalin Eagle a gabanta, ga ƙubbar Masallacin Ƙasa tana walƙiya. Abin da ba a sa a zanen ba shi ne irin mutanen da za su cika wurin. Su na zo ba da labari, don na yi shekara biyu ina bin wata takarda a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan, na san su kamar yunwar cikina.

Wanda ke fara isowa shi ne ɗan Mararaba. Da sunan nan nake kiransa ko da a Kubwa yake kwana, ko Lugbe, ko Suleja. Yana sallame sallar Asuba yake fitowa, a cusa su huɗu a bayan mota, biyu a gaba, gwiwarsa na gogar giya, direba na ce masa ya ɗan gyara. Kafin ya iso ofis ya riga ya yi aikin yini guda. Za ka gane shi da ɗan tsumman da yake zarowa daga aljihu a bakin ƙofa ya goge jar ƙurar da ke takalminsa, don kada ta tona inda ya kwana. In ya je gida da Sallah, ɗan Abuja ake ce masa, ana kawo masa kukan kuɗin makaranta da na asibiti. Ba ya iya buɗe baki ya ce a jihar Nasarawa yake biyan haya, Abuja kuwa aronta ake ba shi daga takwas zuwa huɗu.

A bakin ƙofa sai ka tarar da mai gadi, wanda bai yi karatu mai nisa ba amma ya haddace darajar mutane daga ƙarar injin. In baƙar jif ce mai baƙin gilashi, tun daga nesa ya ɗaga ƙarfe ya ƙame, bai ma san wa ke ciki ba, wataƙila direba ne kaɗai ya dawo daga shan mai. In a ƙafa ka zo, sai ya tuna da doka. Wa ka zo gani? Ya san da zuwanka? Ina katin shaida? Ya turo maka wani littafi da ya sha hannu har gefensa ya yi baƙi, da biro ɗaure da zare. Ranar Juma'a kuma gaisuwarsa takan yi tsawo: “Yallaɓai, barka da Juma'a, yaranka na nan fa.” Wannan gaisuwa ba da baki ake amsa ta ba.

Sai lif. Ni dai ban san wurin da ke fallasa halin ɗan Adam kamar wannan akwati ba. Akwai mai danna maɓalli sau bakwai, alhali ya ga fitila ta kama, yana ganin lif jaki ne da sai an tsikare shi. Akwai wanda ke shigowa da turaren da zai sa ku sauka da ciwon kai. Akwai Baba da ya zo daga gida neman haƙƙinsa na fansho, wanda zai leƙa ciki, ya ja da baya, ya tambayi inda matakala take. Hawa na tara za shi, amma ya ce ƙafar da ta kai shi Arfa ba za ta kasa wannan ba. Kuma a kusan kowane bene akwai lif guda da ba a taɓawa, a buɗe, fanka na juyawa, yana jiran mutum ɗaya tal, ku kuwa talatin kuna layi a kan na kusa da shi.

Wata Laraba mu bakwai muka shiga, har da wani matashi cikin kwat da lakataye, waya a kunne, yana ta zuba Turanci ta hanci, yana ambaton miliyoyi yadda kowa zai ji. Tsakanin hawa na biyar da na shida aka ɗauke wuta. Akwatin ya yi girgiza ɗaya ya tsaya, duhu ya rufe mu. Sai muka ji wata murya ta ce, “Innalillahi! Wayyo Inna, na shiga ukku!” da Sakkwatanci tsantsa, wanda ko a Wurno sai an tona. Ba a yi minti ɗaya ba janareta ya ɗauka, fitila ta dawo. Kowa ya dubi kowa. Matashin ya gyara lakataye, ya mai da waya kunne, ya ci gaba da Turancinsa daga inda ya tsaya. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta toshe baki da mayafi har muka sauka.

Amma sarkin wannan unguwa, wanda ba don shi ba da ɗakunan jira sun zama kufai, shi ne ɗan kwangila. Kada ka ɗauka wanda ya samu nake nufi. Wanda ya samu ba ya zama a ɗakin jira. Ina nufin mai nema. Shaddarsa ta sha guga har tana ƙara, hularsa zanna bukar, a hammatarsa ambulan ruwan ƙasa da gumi ya yi wa taswira. Kamfaninsa duka a cikin ambulan ɗin yake: shugaba, ma'aikata, hedikwata da reshe. Ka tambaye shi sana'ar kamfanin, sai ya tambaye ka me ake nema. Rijiyar burtsatse yana haƙawa, kwamfuta yana kawowa, takin zamani, kujerun makaranta, horas da matasa kiwon kifi, in ma jirgin sama ake so yana da wani yaro a Dubai. Ya san sunan kowane darakta da garinsu da wanda ya aura. Ba ya cewa minista, sai dai “mutumina”. Kullum takardarsa tana kan tebur, saura sa hannu. In ba a sa ba, kuɗin kasafi ne ba a saki ba. In an saki, an canza babban sakatare, sai an sake sabon lale. Na san wani da muka yi wata takwas muna haɗuwa a kujera ɗaya. Yakan ba ni labarin gidan da zai saya a Maitama, har ya zaɓi launin fenti. In an tashi kuma ya raka ni bakin titi, ya rage murya: “Alhaji, ko akwai ɗari biyar a jikinka? Katina ne ya ƙi aiki.” Ban taɓa jin haushinsa ba. Mutumin da zai iya sa wa shadda sitati kowace safiya a kan alƙawarin da ya shekara uku, akwai abin koyi a jikinsa, ko da ban san mene ne ba.

Tsakaninsa da abin da yake nema akwai tebur guda, a bayan teburin akwai sakatariya. Ita ba ta ƙarya, sai dai tana da amsa uku da take juyawa kamar waina: Oga na mitin, Oga ya tafi Villa, Oga bai shigo ba tukuna. Ni da kaina an ce mini bai shigo ba, ina jin tarinsa ta bayan ƙofa, ga kuma masinja ya wuce da tiren shayi. Da na nuna tiren da ido, sai ta ce, ko ɗaga kai daga waya ba ta yi ba, “Ka dawo Talata.” Talatar ofis ba ta cikin kalanda. Amma a yi mata adalci: ita ce ta san inda kowane fayil ya kwana, kuma ranar da ta ga dama, abin da ya gagari wata shida sai ta gama maka shi kafin ka gama gaisuwa.

Shi Oga ba a cika ganinsa ba, sai alamominsa. Jakarsa kan riga shi fitowa a hannun ɗan sanda, wayoyinsa a hannun wani, sannan iska ta kaɗa, a ce ya wuce. Wanda ake gani sosai tsohon Oga ne, wanda ya yi ritaya bara, yau ya zo bin takardar sallamarsa. Yana tsaye a layin lif ɗin jama'a, yana satar kallon wancan na gefe da fankarsa ke juyawa. Mai gadin da ya yi shekaru yana ƙame masa ya turo masa littafi da biro mai zare.

In labari kake so na gaskiya, kada ka hau sama. Sauka wurin ajiye motoci, gindin bishiyar da direbobi suka shimfiɗa tabarma. Su suka san wanda za a cire kafin a sanar a rediyo, da wanda ya yi sabon aure a ɓoye, da unguwar da aka ajiye amaryar. Mai mota yana baya yana waya, ya manta cewa wanda ke riƙe da sitiyari yana da kunne biyu. Majalisar nan ba ta hutu, ba ta neman ƙworam, kuma abin da ta zartar ya fi na waccan ta Three Arms Zone saurin tabbata.

Can gefensu, da misalin sha biyu, wata tsohuwar mota za ta faka, a buɗe but. Kuloli ne jere: shinkafa da miya, tuwo, sakwara, wake. Mai zanen birni bai ware wa mai abinci wuri ba, kamar ya ɗauka mutanen benaye takarda za su ci. Nan za ka ga mai kwat ya soke lakataye cikin riga, ya tsuguna bayan mota yana suɗe yatsa, yana leƙe kada na ƙasa da shi ya gan shi, alhali na ƙasa da shi yana ɗaya gefen motar yana leƙen kada Oga ya gan shi. Ita kuwa mai abincin ido ɗaya a kan cokali, ɗaya a kan titi. Da ta hango motar jami'an muhalli, but ya rufe, kasuwa ta tashi, a bar mutum da faranti a hannu da bashin da zai biya gobe. Tun 2006 aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni, masu talla kuma kullum cikin tsere suke, amma har yau ban ga ranar da aka rasa dafaffiyar gyaɗa a bakin Sakatariya ba.

Akwai kuma mai hoto. Yakan zo da yamma gaban tagwayen benayen World Trade Center, inda ɗaya ya kai hawa 24, ya jingina da motar da ba tasa ba, abokinsa ya durƙusa don ginin ya fito har ƙarshe. Da dare sai ka gani a Facebook: “Alhamdulillah, an tashi daga aiki.” Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, amma a hoto ba a ganewa.

Dillalin fili shi ma yana nan, da taswira a naɗe. Duk filin da zai sayar maka “minti goma ne daga Central Area”, bai dai ce a jirgi ko a mota ba. In ka yi ƙorafin cewa unguwar ba hanya ba wuta, sai ya nuna maka Hasumiyar Millennium, wadda aka fara a 2006 da niyyar ta kai mita 170 ta zama abin nunawa, aka shekara da shekaru ana jiran a gama. “Yallaɓai, ita ma gwamnati a hankali take gini.”

Ranar Juma'a ce kaɗai duk waɗannan ke haɗuwa a ƙasa ɗaya. Benaye su zazzage mutanensu, a nufi Masallacin Ƙasa, titi ya cika da masu turare da huluna da kilishi da dabino. A nan ɗan kwangila ke baje basirarsa: ya san ƙofar da mutuminsa ke fita, ya san inda ake ajiye masa takalmi. Ana sallamewa, kafin a shafa addu'a, ya riga ya isa, hannu biyu a miƙe, ambulan a hammata. Sakatariya ba ta da iko a nan. Abin da yakan samu shi ne, “Ka same ni a ofis.”

Ƙarfe shida unguwar ta zama kamar an share. Ɗan Mararaba ya koma cikin gosulon Nyanya, direbobi sun naɗe tabarma, titunan Tange sun koma yadda ya zana su, ba kowa. Ranar da takardata ta fito na yi dare a wurin, na fito na tarar da mai gadi ya kunna rediyo, ya ɗora butar shayi a kan ɗan risho, ya shimfiɗa kwali a bayan kanta. Duk cikin dubban da ke shiga ginin nan, shi kaɗai ke kwana a wannan unguwa mai tsada. Na ba shi na goro, na tambaye shi ko ya taɓa hawa can ƙololuwa ya ga gari.

“Sau ɗaya,” in ji shi, yana fifita shayi. “Ranar da lif ya lalace. Ni na kai jakar Oga.”