Pulsar 150, Babur Mai Gaggawa

Pulsar 150 babur ne na kamfanin Bajaj na Indiya, ya shigo kasuwa a 2001. Injinsa silinda ɗaya, giya biyar. Ƙarfin na yanzu ya kai na doki 14, kodayake ba a ji ta bakin dawakin ba. Tankinsa ƙato, mai kafaɗu kamar ɗan dambe. Mahayi kan sunkuya, ya ɗaure fuska, wai iska yake tsagawa. Gudunsa kan haura kilomita 100 a awa, amma a cunkoson birnin Pune na Indiya giya ta biyar hutu take. Wajen shan kwana yana da biyayya, musamman in saniya ta kwanta tsakiyar titi. Birkin gaba kuwa kamu yake nan take. Wanda aka goya kan tabbatar da haka da haɓarsa. Hon ne kaɗai ke aiki da cikakken ƙarfinsa.